Na ceci kare daga azaba, ya halatta in riƙe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wani kango bayan layinmu na tarar da kare ɗaure da waya, maigadin da ya kawo shi ya bar aiki ya yi tafiyarsa. Wayar ta ci masa wuya har ƙudaje na bin ciwon, haƙarƙari duk a waje, yara kuma na ta jifansa. Na kwance shi na kai wa likitan dabbobi, yau sati 3 yana gidanmu. Mahaifiyata ta ce na kwaso najasa, na kori mala'iku. Na yi laifi? In riƙe shi ko in ba wani? Zan iya karɓar kuɗi a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ba ka yi laifi ba, lada ka samu in sha Allahu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha. Da ya fito sai ga kare yana haki, yana lasar danshin ƙasa. Ya koma rijiyar ya cika huffinsa, wato safar fata da ke ƙafarsa, da ruwa, ya riƙe shi da baki saboda hannuwansa na aikin hawa, ya shayar da karen. Allah ya gode masa, ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko har a kan dabbobi akwai lada, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai.

Wanda ya ɗaure karen nan ya tafi kuwa, aikinsa ɗaya da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manya na zaune a majalisa, yara na jifan dabba a ɗaure, ba mai tsawatarwa. Wasu ma gani suke kamar addini ne ya ce a yi. Wallahi bai ce ba.

Batun najasa, a mazhabar Malikiyya kare mai rai jikinsa da yawunsa masu tsarki ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 kuwa bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganinsa najasa. Kashinsa da fitsarinsa dai najasa ne, a wanke duk inda suka taɓa. Amma Hajiya tana da gaskiya a wuri ɗaya: hadisin rashin shigar mala'iku ɗakin da ke da kare ingantacce ne. Kada ya shiga ɗakuna ko wurin sallah, a yi masa rumfa can gefe. Ka yi mata bayani cikin ladabi, gidanta ne.

Sai maganar riƙewa. Ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta, kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani ma'auni na lada, kullum, a ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu. Wannan a kan mai ajiye shi ne dindindin ba da buƙata ba. Jinyar da kake yi har ya warke ba ta shiga ciki. Gadin gida kuma an yi saɓani. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya hana ajiye kare a gidajen gari a cikin Risala, amma masu sharhi sun kawo cewa da katangarsa ta faɗi shi da kansa ya ajiye, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik ya ce da Malik ya riski zamaninsu, zaki zai ajiye. Don haka in da gaske kuna fama da ɓarayi, kuma Hajiya ta yarda, ya halatta ka riƙe shi. In sha'awa ce kawai, nema masa gida wajen manomi, makiyayi ko mafarauci.

Kada ka miƙa shi ga duk wanda ya fara ɗaga hannu. Je ka ga wurin da idonka: akwai inuwa da ruwa? Yaya sauran dabbobinsa suke? A yi masa allurar rigakafin haukan kare kafin ya bar hannunka, don cuta ce mai kisa idan alamunta suka bayyana a jikin mutum. Mayar da shi titi da ciwo a wuya, ko ba dillalan da ke saye don yanka, bai halatta ba.

Kuɗin kare an hana cinsa a hadisin Abu Mas'ud Al'ansari, kodayake Sahnun cikin Malikiyya ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa. Ni ina ganin ka bayar da shi kyauta. In wanda ya karɓa ya mayar maka da kuɗin magani don ra'ayin kansa, ba tare da sharaɗi ba, karɓa babu komai. Wallahu a'alam.