Amsa ga Alhaji kan kallon kamarar shago a waya

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Alhaji, Allah ya ƙara girma, na saurari muryarka. Ka ce an sa maka kamara huɗu a shagonka na babbar kasuwar Garwa, in kana zaune komai na fitowa tas a talabijin, amma da ka sauka Duwala ka buɗe waya sai baƙi ƙirin, shin ka canja kamarorin ka sayi masu tsada? Don Allah kada ka taɓa aljihunka. Tun da hoto na fitowa a talabijin, kamara ta sauke nauyinta. Maganar tana wajen akwatin nan da ke tara hoton kamarorin, wato DVR. Ko dai bai hau intanet ba, ko kuma ya hau amma da sunan wani, ba naka ba.

Na farkon mai sauƙi ne. Yawancin akwatunan nan ba su kama wifi, sai an jawo waya daga modam an soka a ramin LAN da ke bayansa. Ka sa yaron shago ya leƙa, in ɗan fitilar ramin na ƙyaftawa to madalla. Sai ya shiga Network ya kunna DHCP, don akwatin ya karɓi adireshi daga modam da kansa. In akwatin ƙirar Hikvision ne, akwai wajen da aka rubuta Platform Access, ya kunna, ya sa kod, ya jira har ya ga Online. A waya kuma Hik-Connect ake saukewa, a haska QR ɗin akwatin, shi ke nan. In Dahua ne, P2P ake kunnawa, manhajarsa DMSS. Ƙananan na Sin marasa suna galibi XMEye ne.

Na ga wani ƙanenmu ya rubuta wai a buɗe port, wato ƙofar shigowa daga waje, a modam. Ɗan'uwa, wannan dabarar mai adireshin IP nasa na kansa take yi wa aiki. Mu da muke sa sim na MTN ko Orange a modam, haka 'yan'uwa na Njamena masu Airtel da Moov, galibi adireshi ɗaya ake raba wa mutane da yawa, ka kwana kana buɗe port ba abin da zai shigo daga waje. 

Abin da nake so ka ba ni amsarsa, Alhaji: ranar da aka haɗa, da lambar wa aka buɗe asusun? Domin akwatin Hikvision asusu ɗaya tak yake yarda da shi a matsayin mai shi. Sauran mutane sai dai mai asusun ya raba musu. To abin da wasu masu haɗawa ke yi, kuma wallahi yana ci mini rai, sai su ɗaure akwatin da lambarsu, su ɗan raba maka ka gani ka ji daɗi ka biya, su kama gabansu. Ran da ka canja waya ko suka cire ka, ka tashi a tutar babu. Akwai wani dattijo a unguwar Yelwa da aka kira ni gidansa. Wanda ya haɗa masa ya bar gari, lambarsa ba ta shiga. Na haska QR, manhaja ta ce akwatin na hannun wani asusu. Kalmar sirri ta admin ma ba a bar masa ba, ko a bayan kwali ba a rubuta ba. Sai da na zo da kwamfuta, na ciro fayil da SADP, wato manhajar Hikvision ta kwamfuta, muka aika wa dillali, muka zauna jiran amsa kafin a sake sabuwa. Kuma ba wahalar ce ta dame ni ba. Kamara ɗaya tsakar gida take kallo, daidai inda iyali ke girki da shanya. Duk tsawon lokacin nan wani ƙato a wani gari, in ya ga dama ya buɗe waya ya kalli matan mutum. Dattijon nan da na yi masa bayani, hularsa ya cire ya ajiye a gwiwa, ya kasa magana. Wannan cin amana ne, ba sana'a ba. Duk mai wannan aiki a zauren nan, ka ji tsoron Allah, ka buɗe da lambar mai kaya, ka sa shi ya buga kalmar sirrinsa da hannunsa kai kana kallon gefe. Kuma ban da 12345, ban da shekarar haihuwa. A 2016 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai da irin waɗannan kalmomin na kamfani ta kame kamarori da DVR masu ɗimbin yawa a duniya.

Sai wuta. Kun san halin da ake shiga in ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya. Mutum ya sa DVR a ondila, wato batirin riƙe wuta, ya bar modam a bango, ana ɗauke wuta akwati na ɗauka amma waya ba ta gani. Su biyun ka haɗa su a batir ɗaya.

Data kuma, in kana kallo daga nesa ka bar shi a ƙaramin hoto. Megabit ɗaya a daƙiƙa, cikin awa guda ya cinye wajen MB 450 a wayarka. A'a, ba wayarka kaɗai ba, har sim ɗin da ke shago, don shi ke turowa. In nasa ya ƙare, ko kana da cikakken rezo, wato sabis, a Duwala ba abin da za ka gani. Ka tambayi yaron ko an sabunta shi wannan watan, mai yiwuwa ma nan gizo ke saƙar.

Au, agogo. Da yawa suna zuwa da lokacin Sin, awa 7 gaba da namu. A mayar da shi GMT+1, in ba haka ba ran da aka yi ɓarna kuka je neman hoton ƙarfe biyun dare za ku sha wuya.

Yanzu dai gobe in Allah ya kai mu yaron ya ɗauki hoton shafin Network ɗin ya turo mini. Ta gefe fa, kada ya jefa a zaure, QR da lambar akwatin suna jiki. Ka kuma nemo mini amsar lambar da aka buɗe asusun da ita. Sai na ji ka, Alhaji.