Agarata ta tsinke a filin ƙwallo, yaya zan yi da alwala da sallah?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni matashi ne daga Zariya, muna ƙwallon yamma na tashi zan zabura kawai sai naji kamar an jefe ni da dutse a bayan dunduniya, na waiga ba kowa, ashe agarata ce ta dama ta tsinke. An min aiki an sa min siminti, yanzu an cire an bani wani takalmi mai tauri da sandunan dogarawa. Wani a masallacinmu yace sallolin da nayi duk sai na rama tunda ba da alwala aka ɗaura simintin ba, kuma wai sai na haɗa shafa da taimama. Sannan wallahi kunya nake ji ina zaune kan kujera dattawa na tsaye, ina so in dinga cire takalmin ina sujada a ƙasa. Dan Allah meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya baka lafiya ɗan uwa, ya sa kaffara ne.

Maganar ramuwa babu ita. Sallolinka sun yi, kada ka rama ko ɗaya. Wanda ya faɗa maka haka inaga ya haɗa hukuncin huffi (safar fata da ake shafa a kanta a alwala) da na ɗauri ne, alhali ba ɗaya suke ba. Huffi kai ka zaɓi sa shi shi yasa aka sharɗanta sai kana da tsarki, amma ɗaurin ciwo lalura ce ta faɗo maka, mutumin da aka yiwa allurar kashe jiki aka kwantar a ɗakin tiyata ina yaga damar cewa ku dakata inyi alwala? A mazhabar Malikiyya da muke kai, Shehu Halilu ya faɗa ƙarara a Muhtasar cewa ana shafa a kan ɗauri ko da a wanka ne, ko da ba a kan tsarki aka ɗaura ba, ko da ɗaurin ya wuce wajen ciwon saboda buƙata. Kuma ba shi da adadin kwanaki, sai ranar da aka warke. Haɗa shafa da taimama fahimtar Shafi'iyya ce, muna girmama ta, amma ba a ɗora maka ita dole ba. Kuma an samu daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa yayi alwala ya shafi ɗaurin dake hannunsa ya wanke sauran.

Yadda zaka yi ba wahala. Kayi alwalarka yadda ka saba, in kazo ƙafar sai ka jiƙa hannu ka shafi abin da ya rufe ta har idon sawu, sau ɗaya ya isa, yatsun da suka fito waje kuma ka wanke su in ruwa ba zai gangara ciki ba, in zai gangara to su ma shafa. Wankan janaba ma haka, ka ɗaure ƙafar da leda ka wanke sauran jiki, sannan ka cire ledar ka shafa.

Amma takalmin nan na yanzu akwai bayani, domin shi ana iya kwance shi. A nan maganar likitanka ce abin dubawa. In yace kada a cire ko kaɗan to hukuncinsa hukuncin simintin ne, shafa zaka yi. In kuma yace kana iya kwancewa ka wanke ƙafar kana zaune ba tare da ka lanƙwasa ta ba, to wankewa ta dawo wajibi, in akwai bandeji a wajen ɗinkin ka shafe shi ka wanke sauran. Kuma in ka shafa sannan aka kwance don duba ciwon, da an mayar ka sake shafawa nan take, alwalarka tana nan.

Sai maganar cire takalmi don sujada, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau domin ita tafi damuna a duk tambayar taka. Agara jijiya ce da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin dunduniya, ita ce mafi ƙarfi a jijiyoyin jiki amma jini baya isarta sosai shi yasa take jinkirin haɗewa. Dalilin da likitoci ke ɗaure ƙafar yatsu na kallon ƙasa, su sa maka tudu a ƙarƙashin dunduniya suna rage shi kaɗan kaɗan cikin makonni, shine don kada bakunan da aka haɗa su ja su rabu. To kaga kafe yatsu a sujada, da kafe ƙafar dama a zaman tahiya, da yunƙurin tashi daga ƙasa, duk jan wannan jijiyar suke yi. Kuma ciwon yana da yaudara, zafin kan tafi tun kafin jijiyar tayi ƙwari, mutum yaji garau ya taka da ƙarfi ta sake tsinkewa ko ta miƙe ta warke a sake, ya koma ɗingishi. Wanda yasan haka kuma ya cire takalmin saboda kunyar mutane, ni a wajena bai yi tsantseni ba, ya cutar da jikin da aka bashi amana ne, kuma bana halatta maka hakan.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cewa Imrana ɗan Husaini lokacin da basir ya dame shi: kayi sallah a tsaye, in baka iya ba a zaune, in baka iya ba a kan gefenka. Buhari ne ya ruwaito. Shi kansa Manzon Allah da ya faɗo daga kan doki ya ji ciwo a gefensa na dama, a zaune yayi sallah sahabbai suna kallo. To kunyar wa zaka ji bayan wannan? Kuma malamanmu basu ce sai ka kasa kwata kwata ba, tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa shi ma uzuri ne karɓaɓɓe, in likita masani ya faɗa.

Sai dai kujera ma akwai kuskuren da ya yawaita a masallatanmu, mutum ya zauna tun daga kabbara har sallama alhali yana iya tsayuwa. Abin da ka gaza ne kawai yake faɗuwa. A makonnin da aka hana ka ɗora nauyi, zauna gaba ɗaya, kayi nuni da ruku'u, sujada ka ƙara sunkuyawa fiye da ruku'un, ba sai ka ɗago filo ko wani abu zuwa goshinka ba. Ranar da aka ce ka fara takawa da takalmin kuma tsayuwar bata cutar da kai, to kabbarar harama da Fatiha a tsaye zaka yi su a sallar farilla, ko da jingine da sanda ne, kamar yadda muka karanta tun a Ahalari, sai ka zauna wajen sujada. In kuma likitan gashin ƙashi (mai motsa gaɓoɓi bayan aiki) ya yarda ka sauka ƙasa, kayi sujadar ka bar bayan ƙafar a shimfiɗe, domin kafe yatsu sunna ce a wajenmu, goshi a ƙasa shine farilla. Nafila kuwa ko mai lafiya yana iya yinta a zaune, kai da kake da uzuri ladanka cikakke ne, hadisin Abu Musa a Buhari ya nuna ana rubutawa mara lafiya irin abin da yake yi yana lafiya.

Juma'a da jam'i, in akwai mai kai ka a mota ko adaidaita ba tare da cutuwa ba ka je, ka tsaya gefen sahu inda ba za a taka ka ba. In babu, ko kana tsoron turereniya da santsin wajen alwala, kayi Azahar raka'a huɗu a gida babu laifi a kanka. Kuma tunda ƙafar dama ce kada ka ja mota da kanka sai an baka izini, wannan haƙƙin rayukan mutane ne.

Za a samu masu ce maka ka tafi wajen mai ɗori a ja ƙafar a murza, kada ka yarda, ba karaya bace ba targaɗe ba, ja da murza ɓata aikin zasu yi. Ka lizimci zuwa gashi, cikakkiyar dawowa ƙwallo sau da yawa takan ɗauki wata 6 zuwa shekara. In kaga sha-raɓarka ta kumbura tana zafi ko numfashi ya fara yi maka wuya ka garzaya asibiti a ranar, yana iya zama gudan jini. Sannan maganin nan sifro da mutane ke saya a kemis don taifot yana cikin masu raunana agara, kada ka sha sai likita ya san halin da kake ciki.

Ka je da waɗannan tambayoyin wajen likitanka: yaushe zan fara kwance takalmin don wankewa, yaushe zan tsaya, yaushe zan sauka ƙasa. Duk matakin da ya buɗe maka, rangwamen wannan matakin ya ƙare daga ranar.

Wallahu a'alam.