Dokar tantance shekaru a intanet: za ta tsare mini ɗana?

Tambaya: Ni uba ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ɗana mai shekara 12 ba ya rabuwa da salula. Na ji wasu ƙasashe sun yi dokar da sai mutum ya nuna shekarunsa kafin ya shiga wasu shafuka. In ta zo mana, za ta tsare yara? Kuma akwai illa in na tura hoton katina na ɗan ƙasa?

Amsa: Alhaji, dokokin akwai su. A Ingila, tun 25 ga Yuli 2025 shafukan batsa suke tantance shekarun mai shiga, wanda ya ƙi kuwa hukumar Ofcom mai sa ido kan sadarwa na iya cin shi tarar fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na duniya. Ostareliya ta fi tsanantawa: daga 10 ga Disamba 2025, yaron da bai kai 16 ba an hana shi asusu a TikTok, Facebook, Instagram da ire-irensu. Kotun ƙolin Amurka ma ta amince da dokar jihar Texas ta tantance shekaru a shafukan batsa a Yunin 2025.

Sai dai ba a iya gane yaro sai an binciki kowa, har kai mai furfura. Ko ka ɗora hoton katinka, ko ka ba da lambar katin banki, ko kyamara ta kalli fuskarka ta ƙiyasta shekarunka. Ƙiyasin fuska yakan kauce da ƴan shekaru, balle da ƙaramar waya a ɗaki mai duhu. Kati kuwa in ya bar hannunka ya tafi ke nan. A Oktoban 2025 kamfanin Discord mai manhajar hira ya sanar cewa ƴan kutse sun kai ga hotunan katunan mutane wajen 70,000 ta hannun wani kamfani da ke yi masa aiki. Lambar sirri ana sauya ta, amma fuska da ranar haihuwa fa? Shi ya sa Faransa ta sa a samar da hanyar da mai tantancewa bai san shafin da za ka shiga ba, shafin kuma bai san ko kai wane ne ba.

Akwai kuma batun faɗin albarkacin baki. Layinka tuni yana da rajista da sunanka. In kowane asusu ya ɗauru da kati, mai son sanin wanda ya rubuta kaza ya samu sauƙi, ga shi tun Yunin 2024 an mayar da hukuncin ɗauri cikin dokarmu ta 2019 kan laifukan intanet. Sannan kada ka tura katinka ta hanyar saƙon da aka aiko maka a WhatsApp ko SMS. Ƴan damfara sun san wannan ƙofar. In an yi wasa da bayananka, hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP a Yamai ce wurin kai kuka.

A ganina, ko dokar ta zo gobe, ba nan ɓarakar take ba. Abin da yaranmu ke gani yawancinsa ba daga shafi yake zuwa ba. Guruf ɗin WhatsApp ne, da Xender tsakanin abokai a bakin lakwal, da mamori da ake cikawa wajen masu turi a kasuwa. Ba mai tambayar shekaru a nan. A Ingila ma, ana soma dokar mutane suka yi rububin sauke VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake don ya tsallake shingen.

Aikin a wayar yaron yake. Ka sauke Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, a taka, ka buɗe masa asusun Google da ranar haihuwarsa ta gaskiya. Nan iyaye suka fi yin kuskure: mai gyaran waya ya buɗe asusun da shekarun babba, sai duk kariyar ta tashi a banza. Ka goge sauran asusun da ke wayarsa, ka sa nasa, sannan ka ƙayyade awannin yini da lokacin da za ta kulle da dare, ka kuma sa kada a sauke manhaja sai ka yarda. Ka bar izinin saka manhaja daga wajen Play Store a rufe, in ba haka ba abokinsa zai turo masa TikTok ko VPN cikin minti ɗaya. Af, TikTok da WhatsApp sai ɗan shekara 13 ko a ƙa'idarsu, naka bai kai ba.

Sai ka shiga saitin rezo a wayarsa, inda aka rubuta DNS privé, ka sa family.cloudflare-dns.com. Kyauta ne, yana toshe shafukan batsa a Android 9 zuwa sama, ko da wane layi. Amma ba ya ganin abin da ke cikin WhatsApp, kuma yaro mai wayo zai iya kashe shi, saboda haka ka riƙa leƙawa duk mako.

Abin da ke cikin mamori da gurufa kuwa sai ido. Ka gaya masa tun farko za ka riƙa dubawa a gabansa, kuma da dare cajin wayar a ɗakin mahaifiyarsa za a yi.