Shayin Earl Grey: me ke jawo ɗaci, ina ƙamshin yake tafiya?

Malam, ka ce ka dafa Earl Grey kamar yadda aka saba dafa shayi, ya fito da ɗaci, ƙamshin kuma ya gudu. Dafawar ce matsalar. Wannan shayin ba a tafasa shi a kan wuta, jiƙa shi ake yi.

Baƙin ganyen shayi ne da aka fesa wa man ɓawon bergamot, wani dangin lemo da aka fi nomawa a yankin Calabria na kudancin Italiya. Man nan yana bin tururi, kana barin tukunya tana ɓararraka, ƙamshin ya tafi ke nan.

Ka tafasa ruwa shi kaɗai, ka sauke, ka jira kamar rabin minti. Zuba ƙaramin cokali ɗaya na ganye, wajen giram 2 zuwa 3, ga kofi mai mililita 250. Rufe kofin, wannan yana da muhimmanci, ka bar shi minti 3 zuwa 4 sannan ka tace. Idan ya haura minti 5 sai ya soma ɗaure harshe. In kana son ya yi ƙarfi, ƙara ganye, ba lokaci ba. In shayin mai jaka ne kuma, kada ka matse jakar.

Fara kurɓarsa haka nan kafin sukari. Ni na fi sonsa da ɗan yankan lemun tsami. Madara ma tana shiga, amma kada ka haɗa ta da lemun tsami, za ta tsinke. Citta da kanumfari kuwa danne ƙamshin suke yi.

Ragowar ganyen ka adana a gwangwani mai murfi gam, nesa da rana da kayan yaji.