An turo mini tsofaffin kuɗi a hoto, nawa zan taya?

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi, Kano. Wani dillali daga Damagaram ya turo mini hotuna ta WhatsApp: liyari shida masu hoton Maria Theresa, da sulallan zamanin Turawa, da kwabbai masu huda. Biyu daga cikin sulallan sun yi launin shuɗi da ruwan zinari. Ya ce Turawa rububin irinsu suke yi, ya tsuga kuɗi, kuma yana so in biya kafin ya aiko. Ana iya gane darajarsu daga hoto?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Hoto yana iya nuna maka aibi har ka fasa ciniki, amma ba ya iya ba ka tabbacin cewa babu aibi, kuma kuɗin da dillalinka ya tsuga kan rashin aibin ya ɗora shi.

Fara da liyarin, su ne masu sauƙi. Duk za ka ga 1780 a jikinsu, kada wannan ta ruɗe ka. A shekarar ce Maria Theresa, mai mulkin Ostiriya, ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba, har yau ana buga su a Ostiriya. Yawancinsu farashinsu bai yi wa farashin azurfar jikinsu nisa ba. Na gaske yana da nauyin giram 28, azurfa zalla a ciki kimanin giram 23.4. Ka ce ya ɗora kowanne a sikelin masu gwal ya ɗauki hoto lambar tana fita. Ya kuma ɗauko maka gefen, domin akwai rubutu a zagaye, kuma a nan ake ganin tabon walda idan an taɓa maƙala masa kunne aka yi abin wuya da shi. Wanda aka yi wa haka, kuɗin azurfa kawai za ka biya.

Sulalla kuwa duba shekara tukuna. Daga 1913 zuwa 1919 na azurfa ne, a 1920 aka sauya, na bayan nan tagulla ce. Nemi ɗan harafin H ko KN, alamar masana'antar da ta buga a Birmingham, don wani lokaci shi ke raba farashin sule biyu masu shekara ɗaya. In kuma ya ce maka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas ba a samunsa, ka yi murmushi kawai. An buga su da yawa.

Masu tara irin waɗannan kuɗi a Amurka da Turai suna aunawa da maki daga 1 zuwa 70, ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma da shi kamfanonin PCGS da NGC suke tantancewa. Daga 60 zuwa sama, kuɗin bai taɓa shiga hannun jama'a ba. Tsakanin 58 da 63 farashi na iya ninkawa, alhali bambancin ɗan gogewa ne a wuraren da suka fi tudu: gemun Sarki George na Ingila da ke fuskar sulen, da duwatsun kambinsa, da ganyen bishiyar da ke baya. Idan an haska kuɗin gaba da gaba, wannan gogewar ɓacewa take yi a hoto, haka ma siraran zanen da tsumma ke bari idan an goge shi. Don haka bidiyo za ka nema. Ya riƙe kuɗin ta gefe a ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, yana karkata shi a hankali. Wanda ba a taɓa ba, haske zai riƙa kewaya fuskarsa kamar hannun agogo. Wanda aka wanke, ƙyallinsa ko'ina ɗaya ne, ba ya motsi.

Maganar launi ita ce ta fi ba ni tsoro a cinikin nan. Azurfa idan ta daɗe a takarda ko tsumma, sinadarin farar wuta yana yi mata wata siririyar fata: ta fara da ruwan zinari, ta yi ja-ja, ta yi shuɗi, ƙarshe ta yi baƙi. Gaskiya ne akwai masu ƙara kuɗi saboda wannan. Amma ana iya haɗa shi cikin yini ɗaya da wuta ko sinadari, sau da yawa don a rufe tabon wanki, kuma waya kanta tana ƙara wa launi armashi. Na asali yakan faro daga baki ya shigo ciki sannu a hankali, ƙyalli yana fitowa ta ƙarƙashinsa. Na haɗi yakan yi dabbare-dabbare, shuɗin ya yi kau, ya hau kan haruffa da kwarinsu bai ɗaya. Ka sa ya ɗauki hoton a inuwa da rana, a kan farar takarda. Idan takardar ta fito da shuɗi-shuɗi ko ja-ja, ka san launin sulen ma ba haka yake ba. Kore mai danƙo kuma ba ado ba ne, ɓarnar leda ce.

A wajen tayi, ɗauki mafi ƙasƙancin darajar da hoton zai iya nufi, ka yi farashi a kanta. Launin kada ka ba shi ko sisi sai ka riƙe a hannunka, don ni ba na ba da shawarar cinikin biri a sama. Duba abin da irinsu suka sayu a eBay, ba abin da masu talla suka rubuta ba, ka cire kuɗin aike da kamasho da ribarka. Ka tura kuɗin mota da ɗan kafin alƙalami, sauran sai kaya sun iso, da sharaɗin mayarwa a rubuce. In sun iso kuma, ka ja wa yaran shago kunne: ba toka, ba lemon tsami, ba man goge ƙarfe. Kamfanonin tantancewa ba sa ba wankakken kuɗi maki, sai dai su rubuta a jikin akwatinsa cewa an wanke shi.