Shin Launin Fentin Ɗaki Yana Taɓa Walwalar Mutum a Lokacin Kaka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwargida ce a Unguwar Rimi. Bara na sa aka yi wa falona fenti ruwan toka saboda shi ake yayi. Da damina ya yi mini kyau, amma da kaka ta kama, hazo ya fara sauka, sai falon ya yi duhu, zama cikinsa ya koma sa ni kasala. Shin fentin ne, ko tunanina ne kawai? Wane launi ya dace kafin hunturun bana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji yana da dalili, sai dai ba fentin kaɗai ke da alhaki ba, domin ido ba ya ganin launin bango sai ta hanyar hasken da ya sauka a kansa. A ƙasashen Turai, ƙuncin kaka yana zuwa ne daga gajeruwar yini, mu kuwa a Kaduna muna kusa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu ba ya nisa da awa 12 duk shekara. Abin da ke sauyawa a wurinmu shi ne irin hasken. Daga Nuwamba iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai sararin sama ya yi fari dishi-dishi, ciyawa ta bushe, koren da ake hangowa ta taga ya ɓace. Idan bango ruwan toka ne, waje kuma ya koma ruwan toka, ido ya rasa inda zai huta. Ga shi kuma a wannan lokaci ne muke rufe tagogi mu saki labule don gudun ƙura da sanyi, wato mun ƙara rage hasken da kanmu.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan batu. Binciken da Valdez da Mehrabian suka buga a 1994 ya nuna cewa hasken launi da ƙarfinsa sun fi sunan launin tasiri a kan yadda mutum yake ji: launi mai haske ya fi sa jin daɗi, launi mai ƙarfi sosai kuma ya fi zaburar da jiki. Saboda haka ban cika yarda da maganar da ake yawan yi ba cewa shuɗi na kwantar da hankali, ja na tayar da shi, a tsaya nan. Shuɗi mai duhu a ɗaki mai ƙaramar taga zai iya takura mutum fiye da ja mai laushi irin na tukunyar ƙasa.

Shawarata ga falonki ita ce ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa. Irin waɗannan launuka suna maido da yawancin hasken da ya shigo, suna kuma mayar masa da ɗumin da hazo ya ɗauke. Suna da wata fa'ida da duk matar Kaduna za ta gane, wato ƙurar hunturu ba ta saurin nunawa a kansu. Na sha shiga gidajen da aka shafa fari fat, kafin Janairu sai ka ga shatin ƙura a saman makunnin fitila da gefen ƙofa, uwargida na ta fama da tsumma, kuma wannan ma yana rage wa mutum jin daɗin ɗakinsa. Idan kina son launi mai ƙarfi kamar ruwan goro ko ruwan makuba, ki keɓe masa bango guda, ko ki kawo shi ta labule da darduma. Silin kuwa a bar shi fari. A ɗakin kwana, kore mai laushi ya fi dacewa a ganina, domin yana cike gurbin ganyen da ido ya rasa a waje.

Kafin ki kira mai fenti, ki fara duba ƙwan fitilarki. A jikin kwalinsa akwai lamba: mai 6500K haskensa fari ne mai kama da shuɗi, yana ƙara wa ruwan toka sanyi, mai 2700K zuwa 3000K kuma haskensa ɗumi ne. Wani lokaci sauya ƙwai biyu ko uku ya isa ya farfaɗo da falo ba tare da an sayi ko bokiti ɗaya ba. Idan kuma kin yanke shawarar sake fentin, ki sayi ƙaramin gwangwani tukuna, a shafa faɗin kamar tabarmar salla a bango, ki dube shi da hantsi, da la'asar, da kuma bayan magariba a ƙarƙashin fitila, har kwana biyu. Ki zaɓi fentin ruwa irin wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma yi aikin yanzu da ruwa ya ɗauke bango ya bushe, kafin ƙura ta yi ƙarfi ta manne wa ɗanyen fenti.

Sai dai idan kasalar tana bin ki har wajen falo, ta hana ki barci ko cin abinci, ta kuma wuce mako biyu, to, wannan ya fi ƙarfin fenti, ki daure ki ga likita.