Ku tambayi Anti: aikin sa-kai a ƙauyukan tsaunin Alps da masu sayar da "gurbi"

Tunda bakina ya suɓuce na ce na taɓa yin sati biyu ina jera duwatsu a wani ƙauye can saman tsaunukan Alps ta ɓangaren Faransa, wayata ba ta huta ba. Na tsinci waɗanda zan iya amsawa yau, sauran ku yi haƙuri.

Tambaya: Anti nawa ne albashin a wata, kuma da Yuro ake biya? (wani matashi daga Gusau)

Ba ko sisi. Sunan abin ma ai ya ba ka amsa, sa-kai. Za a ba ka wurin kwana da abinci, kai kuma ka ba da ƙarfinka, kuɗin jirgi ma daga aljihunka zai fito. Haka abin yake tun 1920 da wani injiniya ɗan Suwizalan, Pierre Ceresole, ya tara matasa har da Jamusawa suka je gyara wani ƙauye da yaƙin duniya na farko ya rusa kusa da Verdun a Faransa. In albashi kake nema ka buga wata ƙofar.

Tambaya: Anti wani ejan ya turo min hotunan wani gari wai shi Hallstatt a Ostiriya, yace UNESCO na ɗaukar matasa aikin wata 6 a wurin, gurbi biyu suka rage, in biya naira miliyan 3, rabi yanzu rabi in biza ta fito, kuma yace bizar tabbas ce. Babana har ya fara maganar sayar da filinsa. In biya? (ɗan bautar ƙasa daga Kano)

Ƙanena kar ka biya, kuma ka je yau ɗin nan ba gobe ba ka ce wa Baba ya mayar da takardar filinsa ƙasan akwati.

Garin dai gaskiya ne. Hallstatt ɗan ƙaramin gari ne da ya maƙale tsakanin tafki da dutse, mutanen cikinsa ba su kai 800 ba, an shafe shekaru dubbai ana haƙo gishiri daga cikin dutsen da ke samansa, kuma UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Amma hoto ba shaida ba ne. Garin nan saboda kyansa sai da wani kamfani a Chaina ya kwaikwaye shi sukutum, da cocinsa da dandalinsa, aka buɗe jabun a lardin Guangdong a 2012. Toh in ana iya yin jabun gari guda, takarda mai tambarin UNESCO wace wahala za ta yi wa yaron da ke da kwamfuta da firinta? Kuma mutanen Hallstatt ba neman ƙarin baƙi suke ba, sun gaji ne ma da 'yan yawon buɗe ido, a 2023 har katangar katako suka kafa a daidai inda ake tsayawa ɗaukar hoto, don dai a rage musu cinkoso a ƙofar gida.

Yanzu bari in warware maka maganar ejan ɗin zare-zare. Yace wata 6. Bizar ɗan gajeren zama ta Shengen, wadda Ostiriya da Faransa da Suwizalan duk suke ciki, kwana 90 ce iyakarta cikin kowane kwana 180, irin sansanin aikin nan kuwa yawanci sati biyu ne ko uku. Yace UNESCO ce ke ɗauka. Eh akwai shirin 'yan sa-kai na wuraren tarihi da aka fara a 2008 tare da wata haɗakar ƙungiyoyi mai suna CCIVS, amma UNESCO ba ta da ejan a Kano ballantana ta sayar da gurbi, jerin ayyukan kowace shekara a shafinta yake kowa na iya dubawa kyauta, kuma ƙungiyar da ke gudanar da kowane aiki ita ake rubuta wa kai tsaye. Yace biza tabbas. Wallahi duk wanda ya ce maka biza tabbas ce maƙaryaci ne ko da rawani a kansa, don ofishin jakadanci kaɗai ke yanke wannan hukunci, kuɗinta kuma Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ɗan ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ka je Wapa ka tambayi canjin Yuro 90 ka ɗora kusa da miliyan 3 ka gani.

Abin da ke ƙona min rai shi ne kullum jabu ya fi na gaskiya ƙyalli. Sansanin gaskiya in ka karanta bayaninsa sai ka ji gwiwarka ta yi sanyi, za a ce maka kwana a ɗakin makaranta ko tanti, girki da wanke-wanke karɓa-karɓa, aiki awa 5 ko 6 da baro da diga, ka zo da jakar barcinka. Na ejan kuwa otal ne da albashi da hoton tafki da agwagi. Mu kuma ga mu da son banza, mun manta banza ba ta kai zomo kasuwa, mutumin da zai yi rabin awa yana taya yadi biyar a Kwari yana murza shi tsakanin yatsu yana ɗaga shi a rana, shi ne zai tura miliyan ɗaya da rabi asusun wani da bai taɓa ganin fuskarsa ba don kawai an ce masa gurbi biyu suka rage. Wannan "biyu suka rage" ɗin ita ce ƙugiyar, so ake ka yi sauri kafin ka tambayi kowa.

Kuma asarar ba a kuɗi ta tsaya ba. In ya haɗa maka takardar gayyata ta bogi da bayanin banki na bogi ka kai, zanen yatsunka aka ɗauka ba nasa ba, bayanan suna zama shekara 5 a rumbun da duk ƙasashen Shengen ke dubawa, gobe in ka samu gurbin karatu na halal wannan tabon zai riga ka isa.

Hanyar gaskiya ba ta da daɗin ji amma ga ta. Ana bi ta ƙungiyar da ke turawa daga ƙasarka, a Najeriya akwai VWAN, a Gana akwai VOLU, su ke hulɗa da ƙungiyoyin sa-kai irin su SCI a Turai, a Faransa kuma akwai REMPART da ke gyaran tsoffin gine-gine tun 1966. Ka nemo adireshin da kanka a intanet, kar ka yi amfani da lambar da wani ya turo maka, kuma kuɗin rajista asusun ƙungiya yake shiga da rasit. In an ambata maka shirin Tarayyar Turai na 'yan shekara 18 zuwa 30 da ke biyan kuɗin tafiya, wannan na mazauna Turai ne da maƙwabtanta, ba a nema daga nan. Ko ta hanyar gaskiyar ma ana hana biza, musamman saurayi mara aure mara aikin da zai dawo wa, saboda haka kar ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin fasfo ya dawo hannunka.

Tambaya: Anti an ɗauke ni sansanin gyaran katangar dutse a watan Yuli, bizata ta fito. Na ga wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi da takalmin hawan dutse a Instagram, an ce orijina ne kuma da araha. In saya? (ɗaliba daga Kaduna)

Barka ƙanwata, Allah ya sa a je lafiya. Rigar gashin ki bar ta, Yuli bazararsu ce, da rana za ki yi gumi sosai in kina ɗaukar dutse, sanyin da asuba yake zuwa da dare, sai kuma hadari ya taso da yamma ba sallama. Duk mita 1000 da kika hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6, ki tuna Jos a watan Disamba. Abin da kike buƙata kaya ne da ake ɗorawa ana cirewa, riga mai dogon hannu, suwaita ɗaya mai kauri, sai rigar ruwa a sama. Duk ukun Kasuwar Barci za ta ba ki a gwanjo ba tare da kin taɓa kuɗin guzurinki ba.

Takalmi ne wurin da ba a wasa. Ni nawa sabo fil na saya, da sunan wani babban kamfani a jikinsa da kwalinsa da komai, mai shagon har rantsuwa ya yi. Kwana na uku ina tura baro a kan gangare na ji wani falak falak, na duba ƙasa sai ga takalmin dama ya buɗe baki kamar kada, yatsuna a waje cikin safa, ashe gam ne kawai aka shafa, ɗinkin da ke gefe ma zane ne a jikin roba. Wata yarinya 'yar Koriya ce ta naɗe min shi da salatif, haka na yi ta jan ƙafa har Asabar da aka sauka gari na sayi wani da kuɗin da na ware na tsaraba. Tun daga ranar ba na sayen takalmin da ban lanƙwasa da hannuna ba. Ɗan gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu sau goma, amma shi ma ki duba, in ya daɗe a ajiye ƙasansa na ruɓewa daga ciki, ki danna da farce in ya marmashe ki ajiye musu kayansu. Ki ɗauki wanda ya rufe idon sawu, ki gwada da safa mai kauri, ki fara yawo da shi tun yanzu sati biyu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Adafta mai ƙafa biyu zagayayyu kar ki manta, soket ɗinmu mai ƙafa uku ba ya shiga nasu. Inshorar lafiya kin riga kin yi tunda sai da wadda za ta ɗauki nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000 ake ba da biza, ki riƙe takardar a jikinki. Sannan kaska, a ciyayin Ostiriya da Suwizalan akwai wadda cizonta ke kawo ciwon ƙwaƙwalwa, dogon wando a cusa cikin safa, kowane dare ki duba jikinki.

Tambaya: 'Yata ce za ta je irin wannan aikin, ni kuwa barci ya ƙaurace min. Me za ta ci, ya za ta yi da salla, kuma ance maza da mata a haɗe suke. (wata uwa daga Zariya)

Hajiya damuwarki a kan hanya take, kuma na ji daɗi da kika tambaya maimakon ki hana kawai. Maganar kwana ita ce ta farko, wasu sansanonin suna raba ɗaki wasu ba sa rabawa, don haka ta rubuta ta tambaya tun kafin tafiya a ba ta amsa a rubuce, ba abin kunya ba ne, sun saba. In suka ce ba za su iya ba sai ta canza sansani.

Abinci kuwa naman alade ya yi yawa a yankin kuma yana ɓuya cikin miya da dankali. Ta haddace kalmomin, Speck da Schinken a ɓangaren masu Jamusanci, jambon da lardons a na Faransanci. Mafi sauƙi ta cike a fom cewa ba ta cin nama sam, za ta rayu da burodi da cuku da ƙwai da taliya, sati biyu ne. In manomi ya miƙo ɗan ƙaramin kofi da wani abu fari kamar ruwa bayan an tashi aiki, giya ce mai ƙarfi, ta ce na gode kawai, ba wanda zai ji haushi. Ruwan famfonsu kuma ana sha lafiya lau.

Salla ba wanda zai hana ta, lokacin ne zai ba ta mamaki, a Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare kuma asuba na yi tun ana tsakiyar barci. Ta sauke manhajar lokutan salla da alƙibla tun tana gida. Ni a bayan rumbun ciyawa nake shimfiɗa dardumata, tsohuwar da ke da rumbun ta lura, kashegari na tarar ta share wurin ta kawar da bokitai, ba ta ce min komai ba nima ban ce ba.

Akwai daren da kowa ke girka abincin ƙasarsu, amma don Allah Hajiya kar ki cusa mata kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, an hana matafiyi shiga Tarayyar Turai da nama da kayan madara, ƙwacewa za a yi a filin jirgi kuma ana iya cin ta tara. Ta koyi dafa-duka da abin da za ta samu a can. Ta tafi da hotunan Fulani da garkensu a waya, don mutanen tsaunin nan su ma makiyaya ne, suna hawa da shanu sama da bazara su sauko da su a Satumba an rataya musu ƙararrawa da furanni, hirar shanu kaɗai sai ta ci musu dare. Ki karɓi lambar shugaban sansanin, ki kuma sani a wasu kwazazzaban babu sabis, in ta yi kwana biyu shiru ba wani abu ba ne.

Tambaya: In na je aka gama, zan iya zamewa in tsaya can?

A ƙauyen da kowa ya san sunan karen maƙwabcinsa, ina za ka zame? Irinku ne kuka sa ake wa yaran kirki kallon tuhuma a layin biza. Na gaba.

Tambaya: Ina son irin aikin nan amma ko kuɗin fasfo ba ni da shi.

Toh ka fara daga gida, su ƙungiyoyin turawar ma sun fi yarda da wanda ya taɓa yin sansani a ƙasarsa. Katangar dutse da ba siminti da muka je koya a Alps akwai irinta a Sukur, kan tsaunukan Mandara a Adamawa, da gonaki hawa-hawa da hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu har fadar Hidi, sarkinsu, kuma Sukur ɗin ne wurin da UNESCO ta fara amincewa da shi a Najeriya a 1999. Sai dai yankin Madagali ne, ba a tashi haka kawai a kama hanya, ka tambayi mutanen wurin halin tsaro tukuna, kuma kar ka je kai kaɗai.